Jawabi A Kan Ciwo Mai Daɗewa, Da Hanyoyin Maganinsa

  

Ya ku malamaina, Allah shi gafarta muku, da ku 'yan'uwana almajirai, abin da na ke nufin magana a kansa yau shi ne ciwon da ya zauna a jiki ya ƙi tashi. Ba wani gida a ƙasar Dambatta, ko Bichi, ko Minjibir, ko Dawakin Tofa, da za a shiga a rasa tsoho mai kukan gwiwa, ko magidanci mai kukan ƙugu, ko mace mai kukan kafaɗa. Ƙasarmu gonaki ne manne da juna, ba a barin gona ta huta, mai gonar ma ba ya hutawa. Da rani a kai taki, da bazara a yi sassabe da shuka, da damina a sunkuya kan fartanya daga hantsi har azahar, firi da maimai da huɗa, da kaka a yi girbi da ɗaurin dami, sa'an nan samari su tafi dakon buhuna kasuwar Dawanau. Mata kuwa ga taɓarya, ga guga, ga goyo. Jikin da ya shekara talatin a haka, dole ya yi magana.

Ku sani likitoci sun raba ciwo gida biyu. Akwai na farat ɗaya, kamar sara, da ƙuna, da karaya. Wannan rahama ne, domin shi ne mai gadi da ke faɗa maka ka janye ƙafarka daga kan ƙaya, kuma idan rauni ya warke sai ya tafi. Akwai kuma wanda ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana komowa. Shi ne su ke kira ciwo mai daɗewa, kuma hukuncinsa dabam ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne a duniya ke fama da ciwon ƙugu kaɗai, saboda haka kada wani ya zaci shi aka ware.

Ga yadda ciwo ke tafiya a jiki. Jijiyoyi ne ke ɗaukar labari daga fata da nama da gaɓɓai, su kai shi ga lakar da ke cikin ƙashin baya, ita kuma ta miƙa shi ga ƙwaƙwalwa, a can ne a ke jin zafi. A shekarar 1965 waɗansu masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa a cikin lakar nan akwai abu kamar ƙofa, tana buɗewa labarin ciwo ya wuce da yawa, tana kuma tsukewa ya wuce kaɗan. Shi ya sa idan yaro ya buge, uwarsa ta murza masa wurin, sai ya ji sauƙi. Tsoro, da baƙin ciki, da rashin barci su na buɗe ƙofar nan. Natsuwa, da motsa jiki, da shagala da aiki mai daɗi su na tsuke ta. To idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin kansu sai su zama kamar karen gidan da ɓarayi suka taɓa shiga, wanda daga ranar ba ya barin ko akuya ta gifta sai ya yi haushi. Watau raunin farko ya iya warkewa, amma haushin bai tsaya ba. Wannan mas'ala tana da fa'ida biyu. Ta ɗaya, mai ciwon ba ƙarya ya ke yi ba, ko da an ɗauki hoton ƙashinsa ba a ga kome ba, kuma zalunci ne a ce masa raki ne ko lalaci. Ta biyu, yawan zafi ba kullum ya ke nuna yawan ɓarna ba, saboda haka ba kowane motsi mai zafi ne ke ƙara lalata gaɓa ba.

Kada wani ya ce wannan bincike baƙo ne ga Musulmi. Ibnu Sina, wanda ya rasu shekara ta 428 ta Hijira, watau 1037, ya ƙidaya irin ciwo 15 a littafinsa Alƙanun, ya bambanta mai suka da mai bugawa da mai nauyi da sauransu. A ƙasarmu nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu 1253, watau 1837, ya wallafa littafi a kan maganin basur, da wani a kan ciwon ido, yana kuwa riƙe da mulki da yaƙi. Ba su ɗauki neman sanin cuta raunin tawakkali ba.

Abu na farko da ya wajaba ga mai ciwo mai daɗewa shi ne ya san sunan cutarsa. Mu duk abin da ya kama gaɓa sai mu ce sanyi ne, ko amosani, idan ya ƙi ji mu ce jifa ne. Alhali ciwon gwiwar tsoho, wanda guringuntsi ya zaizaye, dabam ya ke da zugin tafin ƙafar mai ciwon sukari, mai ji kamar yana taka garwashi, dabam kuma da ciwon ƙashin yaro mai amosanin jini. Maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki. Akwai kuma alamomin da idan an gan su ba a jira, ba a kuma tsayawa wurin wanzami. Idan ciwon baya ya zo tare da rama, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, ko wani ƙashi ya fara turowa kamar ƙusumbi, to a ji tsoron tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya. Wannan yana warkewa da ƙwayoyin da a ke bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati, amma idan aka yi jinkiri yana kashe ƙafafu. Haka nan idan ƙafa ta fara mutuwa, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ciwon ya zo da ƙullutu a nono ko a wani wuri, a ranar a tafi. Ga babban asibiti a Dambatta, ga na Bichi, su ne za su tura mutum gaba idan abin ya fi ƙarfinsu, ko Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa 1988.

Yanzu bari in zo kan ƙwayoyi, a nan kuwa zan daɗe, domin nan ne ɓarnar ta ke.

Farasitamol shi ne mafi sauƙin illa. Babba mai lafiyar hanta yana shan ƙwaya 2 masu awo 500, ba ya wuce sau 4 a yini da kwana, watau ƙwaya 8. Wuce haka yana ƙona hanta, kuma ƙonawar ba ta nuna kanta sai bayan kwanaki. Sai dangin ibuprofen da diclofenac da piroxicam, waɗanda a ke sayarwa a kowane kemis da kowane faranti a kasuwa. Waɗannan su na kwantar da kumburi da zafin gaɓa da gaske, ba na musu. Amma su na cin bangon ciki har ya yi gyambo ya zub da jini, su na kuma raunana ƙoda, su na ta da hawan jini. Ku dubi halin manomi: ya tashi da asuba ya haɗiye biyu ba kome a cikinsa, ya wuni cikin rana yana zuba gumi, ruwan da ya sha bai kai wanda ya fita ba. Ƙodar da ta rasa ruwa, ga kuma ƙwayar da ke tsuke mata hanyar jini, ina za ta sa kanta? Sharaɗin shansu shi ne bayan abinci, da ruwa mai yawa, kwanaki kaɗan sa'an nan a tsaya, kuma ba a haɗa iri biyu nasu lokaci ɗaya. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai tsohon ciki, su nisance su. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, jini ne, ya bar sha ya nemi likita.

Mafi muni shi ne abin da a ke kira haɗi, ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi dabam dabam a ƙulle cikin leda, ba suna ba takarda, a ce maganin gajiya ne. Sau da yawa a cikinsu akwai dexamethasone ko ɗan'uwansa prednisolone. Mai sha zai ji garau, ya ci abinci, kumatunsa su ciko, mutane su ce ya yi kyau. Kumburi ne. Idan ya daɗe a kai sai ƙashi ya yi taushi, sukari ya hau, jiki ya kasa kare kansa daga cuta. Wanda kuwa ya yi watanni yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin yankewar ma haɗari ce, sai likita ya riƙa rage masa sannu sannu.

Sai tramadol, wanda yara ke cewa tiramol. Wani kamfani a Jamus ne ya haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi 1977, kuma aikinsa a jiki irin na afyun ne. Hukumar NAFDAC ta yarda da mai awo 50 da mai 100 kaɗai, bisa takardar likita, kuma likitoci ba su wuce 400 a yini ga babba. Abin da ke yawo a hannun samarinmu kuwa mai 200 ne, da mai 225, da mai 250, waɗanda a ke shigo da su ta ɓarauniyar hanya. Ku lura da yadda a ke shiga. Yawancinsu ba su fara don maye ba. Ɗan ƙwadago ne bayansa ke ciwo, yana kuwa son ya gama kadadar da aka yi jinga da shi, abokinsa ya ba shi ɗaya, ya yi aikin mutum biyu bai ji kome ba. Ciwon yana nan, mai gadin ne aka rufe wa baki, jikin kuwa yana ta cin wahalar da ya kamata ya guje mata. Bayan makonni ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku. Ranar da bai samu ba sai hamma, da gumi, da gudawa, da tsamin jiki wanda ya fi na farko. Da yawan sha kuma sai faɗuwa irin ta farfaɗiya, a kai shi wurin malam a ce iska ce. Idan aka kawo muku saurayin da bai taɓa farfaɗiya ba ya fara faɗuwa, ku tambayi abin da ya ke haɗiya kafin ku fara tofi.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Nijeriya su na shan irin su tramadol da kodin ba bisa umurnin likita ba, ya kuma ƙiyasta a Jihar Kano mutum 16 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Doka ta yi nata. Amma doka ba ta cire ciwon baya, kuma muddin ba a nuna wa mai ciwo wata hanya ba, zai koma ga mai faranti. Wanda ya riga ya kamu, ni a ganina mara lafiya ne kafin ya zama mai laifi. Mari da bulala ba su fitar da ƙwaya daga jini. A kai shi inda a ke rage masa da ilmi, ga asibitin Dawanau nan kusa da mu.

Wani malami zai tambaya, to mene ne hukuncin waɗannan a shari'a? Imamu Ƙarafi, Bamalike, wanda ya rasu 684, ya bambanta a littafinsa Alfuruƙ tsakanin abu mai sa maye, da mai ɓata hankali, da mai gusar da ji ya sa barci. Malaman mazhabarmu sun halatta mai gusar da ji saboda larura, kamar wanda za a yanke wa gaɓa. Saboda haka mai ciwon daji wanda zafi ya hana shi barci da salla, idan likita ya rubuta masa mofin, halal ne ya sha, kuma kada danginsa su hana shi don tsoron a ce ya sha ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1986 ta tsara wa masu wannan cuta matakai kamar tsani, a fara da mai sauƙi, a hau zuwa mai ƙarfi gwargwadon zafi. Barin mutum yana kururuwa alhali ga abin da zai sauƙaƙa masa, wannan ba taƙawa ba ce. Amma mai ciwon ƙugu na noma ba ya cikin wannan babi, domin ita dai hukumar, a jagorar da ta fitar a watan Disamba na 2023, ta hana a riƙa ba masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu dangin afyun, saboda cutarwarsu ta rinjayi amfaninsu.

To me ta ce a yi? Abin da ta sa gaba zai ba ku mamaki don arharsa: a fahimtar da mai ciwo cutarsa, ya riƙa motsa jiki bisa tsari, a yi masa tausa, a taimake shi kan tsoro da damuwa, sa'an nan ƙwayar kumburi ta ɗan lokaci idan ta kama. Ta kuma hana dogaro da ɗamarar da a ke ɗaure ƙugu da ita. Kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara ciwon baya, domin naman da ke riƙe da ƙashi yana saki. Wani zai ce, Allah shi gafarta malam, mu da mu ke wuni a gona, wane motsi kuma ya rage mana? Amsa ita ce sunkuyo wuri ɗaya sa'a biyar gajiyar da gaɓa ɗaya ne. Abin da a ke so shi ne a riƙa miƙewa a ƙarshen kowace kunya ko biyu, a dafa ƙugu a ɗan karkata baya, a sauya aiki, a rusuna da gwiwa idan za a ɗaga buhu, a manna shi da jiki, a raba kaya biyu ko da za a yi sawu biyu. Mai ciwon gwiwa ya zauna kan kujera ya miƙe ƙafa ya riƙe ta, ya sauke, ya maimaita safe da yamma, domin ƙarfin cinya shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi, kuma kada ya ji kunyar sanda. Ranar da ka ji sauƙi kada ka rama aikin kwana uku, gobe za ka biya. Masu gashin ƙashi a Dala da sauran manyan asibitoci wannan shi ne fanninsu, zuwa ɗaya ko biyu ya isa a koya wa mutum abin da zai riƙa yi a gida. Zugin jijiya irin na mai sukari kuwa ba ya jin ƙwayoyin kumburi, akwai nasa dabam, kamar amitriptyline kaɗan da dare, likita ke rubuta shi, tare da tsare sukarin kansa.

Ƙaho ya tabbata a sunna, waɗansu kuma su na jin sauƙi da shi na ɗan lokaci. Sharaɗi dai aska sabuwa ga kowane mutum, domin ciwon hanta da ƙanjamau su na bin jini. Amma mai lasifika a kasuwa, mai kwalba ɗaya da ke maganin sanyi da basur da shawara da sammu, wannan ku bar shi da kwalbarsa. Mu ma malamai mu ji tsoron Allah, kada mu karɓi akuyar tsohuwa a kan alkawarin da ba mu da ikon cikawa. Addu'a muna yi, kuma muna umurni da ita, sa'an nan mu ce a tafi a gwada.

Akwai abin da ke hannunmu wanda ba ya hannun likita. Tsoho yana cije baki yana ruku'u da sujada, hawaye na zuba, yana zaton idan ya zauna sallarsa ta ɓaci. Ku da kuka karanta Ahlari kun san halaye 7 da aka jera wa mai sallar farilla, daga tsayuwa ba jingina, zuwa tsayuwa da jingina, zuwa zama, har zuwa kwanciya a gefe ko rigingine. Mun haddace wannan muna yara, amma tsofaffinmu nawa muka zauna muka karanta wa? Haka kuma haƙurin da a ke ba mai ciwo lada a kansa, ba shi ne ya yi shiru ya ƙi neman magani ba. Ku ziyarce shi, ku ja shi zuwa majalisa da masallaci gwargwadon ikonsa, domin kaɗaici da tunanin dare su na cikin masu buɗe ƙofar nan da na ambata.

Saura magana ɗaya, ita ce ta yaran da ke hannunmu. Amosanin jini, wanda a ke kira sikila, ya fi yawa a Nijeriya bisa kowace ƙasa, an ƙiyasta a na haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara. Ƙwayoyin jininsu ne ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyi, ƙashi ya rasa jini, zafin kuwa manya ma ba su iya ɗaukarsa. Sanyin hunturu, da dukan ruwan sama, da ƙishirwa, da zazzaɓin sauro su ne ke tayar da shi. To a makarantunmu akwai yaron da ke kwana a soro ba mayafi, ya yi alwala da ruwan randa da asuba, ya kasa tashi karatu yana riƙe da ƙafa, gardi ya ɗauka ƙiwuya ce. Idan kun ga yaro mai yawan kukan ƙashi, idonsa na yin rawaya, girmansa bai kai na sa'o'insa ba, ku sa a gwada jininsa. Idan ya tabbata, a ba shi bargo, da ruwan ɗumi, da gidan sauro, ya riƙa shan ruwa da yawa, kada a yi masa ƙaho ko tsaga domin jininsa bai ishe shi ba, kuma mafi alheri a mai da shi gaban iyayensa ya yi karatu a gida. Akwai magani mai suna hydroxyurea da ke rage yawan tashin ciwon, a na bayar da shi a asibiti tare da gwajin jini. Ku kuma tsare su daga allurar pentazocine da a ke yi a ɗakunan kemis, da yawa daga masu wannan cuta sun kamu da ita har cinyoyinsu suka ƙandare suka yi gyambo.

Asalin cutar gado ne daga uwa da uba tare. Idan su biyun duk masu AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da ita, su kuwa lafiyarsu lau, ba mai ganewa da ido. A shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, gwajin irin jini yana ciki. Mu ne masu ɗaurin aure a garuruwan nan. A nemi takardar tun lokacin tambaya, kafin a sa rana, kafin a kai lefe, domin ranar da aka shimfiɗa tabarmi aka raba goro ba limamin da ke iya tayar da jama'a.